Daga Ƙofar Mata Zuwa Dala: Amsa ga Mai Son Taka Birnin Kano da Ƙafa

"Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, amma kakana Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi nan har ƙasa ta rufe masa ido. Ban taɓa zuwa Kano ba. Wata mai zuwa zan zo ɗaurin auren wani ɗan'uwa, kuma zan sami kwana biyu ba hidima. Ina so in zaga cikin birni da ƙafata, in ga ganuwa da Kasuwar Kurmi. Wasu sun ce mini ganuwar ta rushe, Kurmi kuma ta mutu, gara in wuce Kantin Kwari in yi sayayyata. Gaskiya ne? In ba haka ba ne, daga ina zan fara, me kuma zan kiyaye?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya kawo mana kai lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: ko akwai sauran abin da ya kai a sha rana dominsa a cikin birni, da kuma yadda baƙo zai bi ba tare da ya ɓata ko ya ɓata wa wani rai ba. A cikin birni aka yanke mini cibiya, na kuma yi shekaru ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kusan duk shekara sai na fita da ɗalibai mun taka waɗannan hanyoyi. Daga nan zan ba ka amsa.

Waɗanda suka ba ka labari ba ƙarya suka yi ba, sai dai rabin maganar suka faɗa. Mafi yawan ganuwar ta zube, wannan haka yake. Kurmi kuma ta daɗe da sauka daga kujerar uwar kasuwannin Kano. Amma garin da ganuwar ta kewaye yana nan da ransa, da unguwanninsa da sana'o'insa da masallatansa, kuma wanda ya ratsa shi a mota bai gan shi ba. Lungunan nan ba don mota aka yi su ba, don jaki da raƙumi da mai tafiya a ƙasa aka yi su. Kantin Kwari kasuwa ce babba, ka je ka sayi shadda da atamfa, amma tana Fagge, a wajen ganuwa, kuma ba ita ce kasuwar da kakanka ya sani a matsayin zuciyar gari ba.

Ganuwa da abin da ya same ta

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Tsaraki ya kammala wancan zagaye na farko da ya kewaye Dala. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Ashe ke nan ba gini ɗaya ba ne, gari ne yake girma ana buɗa masa riga. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, rahotonsu ya nuna kewayenta ya kai mil 11, da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta daga tushe wajen ƙafa 40. Ta cikin gida akwai badala, wato matakin da mayaƙa suke tsayawa a kai, shi ya sa har yau Bakano yakan ce "cikin badala" in yana nufin cikin birni. Kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da makiyaya, don in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci mutane.

Dalilin zubewarta ba ɓoyayye ba ne. Ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son hannu. A da, in damina ta wuce akan fito aikin gayya a gyara inda ruwa ya ci. Da yaƙi ya ƙare bayan zuwan Turawa, sai wannan aiki ya mutu. Ruwan sama ya yi nasa, masu gini suka riƙa ɗiban ƙasarta suna yin tubali, gari ya cika ya tumbatsa har aka riƙa yanka filaye a jikinta, sannan faɗaɗa tituna ya cinye tsofaffin ƙofofi. Yawancin ƙofofin da za ka gani yau sabon gini ne na siminti a gurbin na da. An saka ganuwar da wuraren tarihin da ke tare da ita cikin jerin share fage na hukumar UNESCO tun 2007, amma hakan bai hana ta ci gaba da zaizayewa ba, kuma wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Saboda haka kada ka ce za ka bi ganuwa a ƙafa ka zagaye ta. Za ka ƙare ranarka a bakin kwalta cikin hayaƙin mota. Ka ɗauki adaidaita sahu ka bi titin da ya bi ta Ƙofar Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya zuwa Kabuga, inda Turawa suka fasa suka shiga, ka sauka inda ka ga guntun tudun jar ƙasa ya rage ka dube shi da kyau. Awa ɗaya ta isa. Ƙafarka ka adana ta don cikin gari.

Rana ta farko: marina, fada, Kurmi

Ka fara da sassafe daga Ƙofar Mata, ta gabas. Da shigarka za ka tarar da marina, wadda allon da ke bakinta ya ce tun 1498 take. Na fi son a fara da nan domin marina da safe suke aiki, kafin rana ta take. Ramuka ne masu zurfi da aka shafe cikinsu da laso don kada su yoye, a zuba ruwa da toka da kanwa da ganyen baba, a bar su su ruɓa su nuna. Ka tsaya kusa da wani dattijo ka kalli hannunsa. Zai tsoma ƙyallen ya ɗago shi, ka gan shi kore-kore kamar gansakuka, yana riƙe da shi a iska, kana kallo yana rikiɗa zuwa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka har launin ya kai inda yake so. Iska ce take ƙarasa rinin, ba ramin kaɗai ba. Zanen da kake gani a jikin ƙyallen kuwa yawanci mata ne suke ɗaure shi da zare a cikin gidaje kafin a kawo. A gefe za ka ji sautin mabuga, suna dukan tufa a kan gungume da tabarya har ta yi sheƙi. Irin wannan baƙin rini mai walƙiya shi Buzaye suke naɗawa, shi ya kai sunan Kano har bakin Bahar Rum. Za ka ga ramuka da yawa sun bushe an cika su da shara, domin rinin kanti da yadin waje sun karya kasuwar. In ka ɗauki hoto, ka sayi ko ɗan ƙyalle ɗaya ne, ko ka ba da na goro. Mutanen nan da wannan suke ci da iyali.

Daga nan ka miƙe yamma, ka wuce Asibitin Murtala, har ka hango koren tulluwar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa biyu. Asalin masallacin na zamanin Rumfa ne, ginin yanzu kuwa na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. A jikinsa Gidan Rumfa yake, fadar da sarakunan Kano suke zaune a ciki tun ƙarni na 15. Gida ne na mutane, ba wurin yawon kallo ba, don haka ba a faɗa masa kai tsaye. Ka zagaya ta Ƙofar Kudu ka tsaya a filin da ake hawan Daushe, ka gai da dogarai, ka tambaye su kafin ka ɗaga waya.

Inda za ka shiga ka zauna shi ne Gidan Makama, can tsallaken titi. Nan Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ana biyan kuɗin shiga kaɗan. Abu biyu nake so ka lura da su. Na farko tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, masu sulken ƙarfe, waɗanda sarakunan ƙofa suke rufewa in dare ya yi. Na biyu, ka ɗaga kai ka dubi rufin soraye. Babu ƙarfe, babu siminti: azarar giginya ce aka jera aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa, ta yi baka ta riƙe kanta. Ka kuma ji yadda ɗakin yake da sanyi alhali waje ana zuba rana. In ka fahimci wannan gini, duk tsohon zauren da za ka wuce a lungu daga baya zai yi maka magana.

Kurmi kada ka yi mata sammako, ba ta cika sai hantsi ya dubi ludayi. Rumfa ne ya kafa ta, a wurin da yake kurmi ne a bakin rafin Jakara, daga nan sunan ya samo asali. Nan ne hanyoyin fatauci suka haɗu: ayarin Arewa daga Tarabulus da Gadamas ta Agadas, na Gabas daga Barno da kanwa, na Yamma daga Gwanja, a arewacin Gana ta yau, da goro. Bature Clapperton da ya zo a 1824 ya sayi laima ƙirar Ingila a cikinta, tun ba jirgi ba mota. Wani Baturen, Barth, ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna garin 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin fatauci. Ina gaya wa ɗalibaina, kai ma ina gaya maka, cewa a kasuwar nan an sayar da bayi har zuwa 1903. Wannan ma tarihinmu ne, ba a tsallake shi.

Abin da ya rage mata ƙarfi shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Ciniki ya juya daga hamada zuwa teku, gyaɗa ta zama sarauniya, kamfanoni suka kafa kantuna a wajen ganuwa kusa da tasha, sai Fagge da Sabon Gari suka ɗauke manyan kuɗi. Kurmi ta riƙe abin da sauran ba su iya ba, wato kayan hannu da kayan al'ada. Layukanta ƙanana ne, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, kuma kowace sana'a da ɓangarenta. Akwai masu sirdi da linzami da likkafa da jalala, waɗanda kasuwarsu takan buɗe in Sallah ta gabato. Akwai dukawa masu jaka da takalmi da titimi na jar fata. Akwai masu littattafan addini da allo da tawada da gafaka, akwai masu ƙwarya da faifai da tabarma, masu tsakiya da murjani, masu kanwa ja da fara, masu saiwoyi da sassaƙe. Hancinka zai riƙa gaya maka ka canza layi tun idonka bai gani ba: warin jima, sai ƙamshin turaren wuta, sai yajin citta da kanumfari.

Ciniki a Kurmi ba a yin sa a tsaye cikin gaggawa. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi kasuwa. In ya faɗi kuɗi ka taya, in ya ce "albarka" ka ƙara kaɗan, har ya ce ya sallama. Abin da ba a so shi ne ka taya a sallama maka sannan ka juya ka tafi, wannan abin kunya ne a wurinmu. In ba saye za ka yi ba, ka faɗa tun farko cewa kallo ka zo, ka ce "Allah ya kawo kasuwa", ba wanda zai ji haushi. Wasu samari za su tare ka a bakin kasuwa su ce za su zaga da kai. Da yawansu sun san wurin sosai, sai dai suna da la'ada a kan duk abin da ka saya, don haka ku yi magana a kan ladansu tun kafin ku ɗaga ƙafa. Kafin ka bar wajen ka nemi gurasa, ko bandashe da ƙuli da mai da albasa, ko wadda ake ci da tsire. Larabawan da suka zauna a unguwannin nan ne suka kawo ta, yanzu ta zama tamu.

Rana ta biyu: sunayen unguwanni

Wannan ita ce ranar da na fi so, ita ce kuma ta fi shafarka. A birnin Kano sunan unguwa littafi ne. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, domin su ake kira Turawa kafin zuwan na Ingila. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Soron Ɗinki, Dukawa, Lokon Maƙera, kowacce ta faɗi sana'arta. Sharifai tana da nasaba da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo Kano a zamanin Rumfa ya rubuta masa littafi a kan yadda ake mulki. Madabo kuwa tsohuwar cibiyar ilimi ce da ake dangantawa da Wangarawa, malaman da suka zo daga Mali. Jakara, wadda yau magudanar ruwa ce, ita ta raba garin biyu: arewa 'yan kasuwa da masu sana'a da baƙi, kudu fada da gidajen sarauta, musamman bayan jihadi. Kakanka, tun da falke ne, akwai kyakkyawan zaton daga ɓangaren arewa ya fito.

Fataucin Gwanja yawanci a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari yake. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata, a yi watanni a hanya kafin a kai Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja, a juyo da huhunan goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa, Kumasi na cikinsu. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, Ba'agale ne, da goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa, kuma gidansa yana wajen Koki. In ka taka unguwannin nan, zangonku ne kake gani daga ɗaya bakin igiyar. Babbar kasuwar goro ta yanzu tana Mariri, a hanyar Maiduguri, in kana da sauran lokaci.

Yadda ake tafiya a lungu shi ne da baki. Taswirar waya ba ta san kwararo ba. Wata shekara na shiga wata unguwa da ɗalibai, na gaba suka wuce wasu dattawa a kan dakali ba sallama, idonsu na kan littafin rubutu. Wani tsoho ya ɗaga sanda ya ce su dawo. Suka dawo suka durƙusa suka gaishe shi, ni ma na ba da haƙuri. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya nuna mana wata tsohuwar rijiya a bayan masallaci, ya lissafa mana masu unguwar da ya sani da waɗanda ya ji a bakin mahaifinsa, ya nuna inda raƙuma suke durƙusawa a da, wurin da yanzu shagon caji ne. Mun fi awa a wurin. Tun daga ranar, abin da nake fara koya wa yara kafin mu fita shi ne gaisuwa.

Iyakar namiji baƙo zaure ne. In ka ga an rubuta "ba shiga" a ƙofa, da gaske ake. Kada ka ɗauki hoton mata ko yara ko makarantar allo sai da izini. Ka sa sutura ta mutunci da takalmi rufaffe, saboda kwatoci a buɗe suke a wurare da yawa. Ka canza kuɗinka a Wapa, cikin Fagge, ka riƙe ƙananan takardu. Zan kuma gaya maka gaskiya: ƙwacen waya matsala ce a Kano, kamar sauran manyan garuruwa. Kada ka riƙa tafiya da waya a hannu, kada ka bi lungun da ba kowa, kuma in duhu ya yi ka kasance ka fito bakin titi. Mafi alheri ka nemi wani daga dangin ango, ɗan cikin gari, ya raka ka. Ranar Juma'a hanyoyin masallaci sukan toshe tun kafin azahar. In zuwanka ya faɗa tsakanin Maris da Mayu, ka huta daga azahar zuwa la'asar, domin zafin yakan haura digiri 40.

In hancinka zai jure, ka leƙa majema ta wajen Ƙofar Wambai, inda ake jeme fata da bagaruwa. Fatar jar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ita ce ta riƙa ƙetare hamada, Turawa suna saye a hannun 'yan Maroko suna kiran ta fatar Maroko.

Ka ajiye Dala sai bayan la'asar. Dutsen ba shi da tsawo sosai, akwai matakala, mai lafiya zai hau cikin 'yan mintoci. Nan ne asalin garin: masu haƙar tarihi sun sami shaidar narkar da tama a gindinsa tun ƙarni na 7, nan kuma labarin Barbushe da Tsumburbura ya faru, kafin zuwan Bagauda. Duk shekara ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'a sukan yi dafifi su hau. Daga sama za ka ga Goron Dutse a yamma, hasumiyoyin masallaci ta kudu, rufin kwanon Kurmi a cunkushe, da kududdufan da suka rage, waɗanda ramukan da aka haƙi ƙasar gina gari ne. Ka nemi inda gidaje suka fi matsuwa, lunguna suka fi karkacewa, wannan shi ne tsohon gari, za ka iya zana iyakarsa da yatsa ko da ganuwar ba ta nan. Ka sauko kafin a kira magariba.

Abu ɗaya ne tafiyar ƙafa ba za ta ba ka da kanta ba, shi ne ƙofar gidan kakanka. Wannan sai ka zo da guzurinsa daga Kumasi. Kafin ka taso, ka zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata, domin su suka fi riƙe irin wannan. Ka tambayi sunan unguwarsa, sunan mahaifinsa, laƙabin da ake kiransa da shi, da sunan madugun da ya bi ko maigidan da ya yi wa aiki. In ka sami ko biyu daga ciki, ka sa ɗan rakiyarka ya kai ka wurin mai unguwa, ko ku jira dattawa a ƙofar masallacin unguwar bayan sallar la'asar. Gidaje da yawa an raba su gado, wasu an sayar, wasu an rushe an yi bene, don haka ba na yi maka alkawari. Amma na ga an dace ba sau ɗaya ba. Ka riƙo goro mai kyau daga can, ɗan gaske, fari da ja, ka miƙa wa dattawan in kun gaisa, ka ce jikan wane ne ya zo daga Gwanja.